Hujin Raga

Ƙwallon ta shiga raga, ta sulale ta baya kamar kifi. Alƙalin wasa ya ce ta gefe ta bi, ya hura tashi.

Shugaban kulob ya diro daga benci, hula a hannu. Bara a manyan filaye suke wasa, bana sun faɗo ƙaramin rukuni, inda awaki ke kiwo a bayan gola. Ga shi ya rantse wa magoya baya yau za su fara cin wasa.

Ya cafko ragar, ya zura kansa cikin hujin.

"Jama'a ku duba! Wannan raga ce ko tsumma? Wane marar kunya ya kawo muku ita?"

Shugaban masu masaukin, wani tsoho mai gyaran keke, ya matso yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, rage murya, 'yan jarida suna ji."

"Su ji mana! Faɗi sunansa!"

Tsohon ya juya bakin ragar, sai ga tambarin babban kulob.

"Kyautarku ce ta bara. Kai ka miƙo min da hannunka, har ka ce in yi murmushi a ɗauki hoto."