Ƙodar da Ta Zo a Makare

Tana tattara kujerun masu ta'aziyya wayarta ta yi ƙara. Ma'aikaciyar asibiti ce, cike da murna: an samu ƙodar da ta dace da mijinta, a kawo shi yau.

"Jiya muka binne shi," ta ce.

Shekaru ta yi tana kai shi wankin ƙoda, tana gaya wa 'ya'yanta Allah ba ya makara.

Da yamma uwar mijin ta miƙo mata Littafi Mai Tsarki a buɗe. "Kuka ya cinye mini ido, 'yata. Karanta mini."

Labarin mata biyu ne da suka aika wa Ubangiji, sa'ad da yake duniya cikin jiki, cewa ɗan'uwansu na kwance, bai iso ba sai da aka rufe kabari.

Ta ture littafin. "Mama, su an tayar musu da nasu daga kabari. Ni fa? Kuma da gangan ya yi jinkiri!"

"Da gangan. Ni ma ɗana na rasa, ban san dalili ba. Amma duba abin da ya yi da ya iso."

Ta duba. A gaban kabarin ya tsaya cikin masu makoki, shi ma ya yi kuka.

Zuciyarta ba ta huce ba. Amma da tsohuwar ta kamo hannunta don addu'a, ba ta janye ba.

"Ki yi, Mama. Ni yau amin kawai zan iya."