Mai Tattabaru da 'Ya'yan Tsaka

Akwai wani mutum mai kiwon tattabaru, shekara ashirin yana wannan sana'a. 'Yarsa ƙarama tana kwance a asibiti, sai wani abokinsa ya kawo mata tsarabar 'ya'yan tsaka guda biyu a akwatin gilashi. Ba irin tsakar bango da muke kora da tsintsiya ba, irin ta kiwo ce ta ƙasar waje, wadda in ta girma takan yi dabbare-dabbare kamar damisa. Da yarinyar ta ga hotonsu a waya, ta ce ita dai ranar da aka sallame ta tana so su hau tafin hannunta. Uban ya ce an gama. Likita kuma ya ce saura kwana shida.

To, nan hankalinsa ya tashi, don da ya leƙa akwatin sai su ruga ƙarƙashin tsingaron da aka kife musu, maƙogwaronsu na ɗar-ɗar. Abokin ya gaya masa ya bar su mako biyu su saba da wurin, daga nan ya riƙa shimfiɗa hannu a ƙasan akwatin kullum, ko motsi kada ya yi, har su zo da kansu neman ɗumin tafinsa. Uban ya ƙirga kwanakin da yatsu, ya ga ba za su kai ba. Ya zuba musu gyare, ba su ci ba. Ya koma ya sake leƙawa, ya sake leƙawa. A rana ta uku matarsa ta ce, "Malam, ka ƙyale su mana su huta." Ya ce hannun da ya saba da tattabara ɗari ba zai gaza da ɗan abu kamar yatsa ba. Ya ɗage tsingaron, ya kawo hannu ta sama ya cafki ɗaya, yadda yake cafkar tattabara a akurki. Ita kuwa abin da ya faɗo mata daga sama shaho ne a wurinta. Ta yi 'yar ƙara, ta fizge, ta bar masa wutsiyarta tana mutsu-mutsu tsakanin yatsunsa. Ya tsaya yana kallon abin.

Ranar da aka dawo da yarinyar, ko takalmi ba ta cire ba ta nufi akwatin. Ta daɗe a durƙushe, sannan ta ce, "Baba, ina wutsiyar wannan?"  Tun daga ranar da uban ya yi cafkar nan, inuwar hannu kawai in ta gifta, su biyun sai su ɓuya. Abin da mako uku zai yi, sai da yarinyar ta shafe wata huɗu tana shimfiɗa hannu a ƙasan akwati, kafin mai guntun bindin ta yarda ta ɗora mata ƙafa ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.