Kwamfutar Da Ta Koma Baya

"Ga alama nan akwai intanet, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa!" in ji Maman Biyu, tana dukan tebur. Yau makarantar koyon jinya ke fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka, ga wayarta a wurin gyara.

Zuciyarta ta tafi kan ƙanwar mijinta. Ita ce jiya ta zauna gaban kwamfutar tana latse-latse, ita ce kuma mai cewa, "Da 'ya'ya biyu za a koma aji?" Lallai biri ya yi kama da mutum.

Ta kira yayanta mai gyaran kwamfuta. Maigidan ya ce, "Haba, da kin bari sai gobe." Ko kallonsa ba ta yi ba.

Yayan ya kashe ya kunna, ya cire waya ya mayar. Shiru. Can sai ya ƙura wa kusurwar allon ido.

"Wani ya mayar da kwanan wata baya, har wata huɗu. In agogo ya yi ƙarya, shafuka ba sa yarda su buɗe."

"Zuwa yaushe, Yaya?"

"Uku ga Maris."

Ranar rufe cike fom ke nan. Ta jawo takardar shaidar da maigidan ya miƙa mata yau da safe, bayan ta matsa masa, wai tun tuni ya cike mata. A ƙasanta an buga uku ga Maris. Ashe bai cike fom ɗin ba, agogon ya mayar baya don takardar ta fito da tsohon kwanan wata.

Ta ɗago kai. "Baban Biyu..."

Ko takalmansa babu a bakin ƙofa.