Wayar Firigon Inna

Tun safe babu kuran na lantarki a unguwar Bobiel, sai bayan la'asar ya dawo. Firigon Inna ya soma gurnani a zaure, ƙanƙarar da take sayarwa duk ta fara narkewa.

Nan Mansur, mai neman Zuwera 'yar Inna, ya iso cikin doguwar baƙar motarsa mai tafiya ba ƙara. Zuwera ta shimfiɗa masa darduma, ko kallonta bai yi ba. Motar ya nuna mata.

"Kin ganta? Tana shan man esansi, tana shan kuran. Irinta ba su kai biyar ba a Yamai."

Ya jawo wayar cajin motar, ya shiga zaure, ya zare ta firigon ya soka tasa, babu ko tambaya. Firigon ya yi tsit.

"Jibi baffannina za su zo neman aurenki," ya ce yana gyara hula. "Wahala ta ƙare miki."

Zuwera ta dubi ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin firigon. Da wannan ƙanƙarar Inna ta kai ta har jami'a. Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, tankinka babu esansi ne?"

"Cike yake."

Ta sunkuya ta zare wayarsa, ta mayar da ta Inna, ta naɗe tasa ta miƙa masa.

"Baffanninka su huta. Tun ba ka zama suruki ba ka kashe wa uwata sana'a, ina ga ka zama?"

Motar ta juya ta tafi ba ƙara. Nan kaɗai ta burge Zuwera.