Tudun da Waliyyi Urban Ya Tsare

Tun watan Yuni ruwa bai ɗauke ba, fumfuna kuwa ta sauka a gonakin inabin ƙauyen kamar an aiko mata goron gayyata.

Ottmar Zehnder ya tsaya gindin tudunsa, ya dogara sanda, yana zagin sama. Shekara shida rabonsa da hawa can ƙololuwa, tun da aka yi masa aiki a gwiwa. A shekarar ne ma sanyin jaura ya ƙone kunyoyin saman, matarsa Hildegund ta sake dasa su yana kwance asibiti. Ita ke goya tankin feshi ta hau, kuma ba ta daɗewa take saukowa. Shi dai yana yaba mata zafin nama.

Inabinsa nau'in Silvaner ne, irin kakansa. Maƙwabciyarsa Waltraud kuwa sabon iri take nomawa, wanda cuta ba ta kamawa. Ottmar na kiransa inabin malalata.

"Abin da ko fumfuna ta ƙi ci, ni zan sha?" in ji shi a mashaya. "Wannan ai ruwan wankin kwano ne!"

"To, tsoho mai ran ƙarfe," Waltraud ta ce, "in cuta ta cinye maka bana, ka tumbuke na kakanka, ka dasa nawa."

"Na yarda. In ko ta bar min na giya ganga guda, ke za ki ɗauki gunkin Waliyyi Urban a kafaɗa ranar bikinsa."

Kowa ya shaida. Ba a mayar da magana a mashayar nan.

Kunyoyin ƙasa suka ruɓe a kan idonsa, ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama Ottmar na gaske. Ya tafi coci ya sami gunkin Urban, waliyyin manoman inabi, ya tuna masa cewa kakanni kan tsoma shi a kwamin ruwan dawakai duk shekarar da ya yi sakaci, kuma kwamin yana nan bai tsage ba.

Da alama waliyyi ya ji tsoro. Hildegund ta fara saukowa da kwanduna shaƙe, 'ya'ya tsaf ba tabo, har sun riga na kowa nuna.

"Rana ce ta fi bugun saman," ta ce, tana kallon takalminta.

Ganga uku aka cika da giya.

Da shekara ta zagayo, ranar bikin waliyyi, Ottmar ya bi teburi-teburi yana ɗura wa mutane giyarsa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya rantse da kabarin kakansa cewa ko cikin barci zai gane Silvaner na asali. Sannan ya sumbaci gunkin a goshi, ya nemi gafararsa kan maganar kwami.

Waltraud ta zo ta sa kafaɗa ba ko musu. Murmushinta ne ma ya dame shi, don bai yi kama da na wadda aka kayar ba. Ya matso da sandarsa don ya tsokane ta, daidai lokacin da ta karkata wajen Hildegund, ba ta san yana bayanta ba.

"Ƙawata, gunkin nan da nauyi," ta ce. "Shekara shida ke nan da na ba ki dashen da mijinki ke shan giyarsa yana lashe baki, ki ce ya rage zaginsa mana."