Ɓarawon Kokwambar Malam Aƙilu

Goma sha ɗaya. Malam Aƙilu ya sake bin kunyar yana ɗaga ganye da tsinin sanda. Goma sha ɗaya dai, alhali jiya da hantsi goma sha huɗu ya bari.

Garkar tana bayan gidansa a Dayi, cikin darni, dab da rijiya. Gefe guda kankana ce, wadda ya sani ciki da bai. Ɗaya gefen kuwa baƙon abu ne. A farkon daminar 1978 malamin gona ya zo kan babur daga Malumfashi, ya miƙa masa ɗan ƙunshin iri, ya ce sunansa kokwamba, ya buga babur ya yi gaba. Bai faɗi lokacin tsinka ba, Malam kuma bai tambaya ba. Ina! Mutumin da ya shekara talatin yana noman auduga ya tsaya tambayar ɗan boko mai gajeren wando? Abu mai yaɗo ai hukuncinsa ɗaya: kabewa, guna, kankana, duk bari ake yi su nuna. Jira kawai yake ta farko ta yi jawur.

Amma ko ɗaya ba ta kai ga nuna ba. Da ta kai tsawon taƙi, tana kore shar, sai a neme ta sama ko ƙasa a rasa. Ya ɗaure akuyarsa da igiya biyu, bai hana ba. Da ya duba da kyau ma sai ya ga da wuƙa ake yankewa, tsaf. Kankana kuwa ga ta nan manya-manya, ko kallonta ɓarawon bai yi.

Matarsa Sabuwa ta taɓa cewa, "Malam, ni kam wannan abin, na ji an ce…"

"An ce! Ki ji da tukunyarki, ki bar mini garkata."

Ta ce to. Sabuwa ba ta da musu.

Shi ke nan Malam ya bi ya rame da tunani. Bayan azahar sai ya zauna a inuwar zaure, kwanon kwaɗon rama a gabansa, da ƙuli-ƙuli da albasa da 'yan gutsattsarin ɗanyar gwanda masu sanyi, yana ci yana jera mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya a ransa. Sai ya siɗe kwano ya nemi ƙari bai tsayar da kowa ba.

Ran nan da safe yana cire ciyawa, sai Liatu matar maƙwabcinsa Matta ta leƙo ta saman darni. Ita ta taɓa aikin girki a gidan mishan kafin ta yi aure.

"Sannu da aiki, Malam. Kai, sun yi kyau! Waɗannan ai sun isa tsinka."

Malam ya ɗago kai. Sun isa tsinka? Ɗanyu haka? To wa ya san ɗanye yana da amfani in ba mai ɗauka ba?

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don Matta ba maƙwabci ba ne kawai. Shekara ashirin suna gayya tare. Shinkafar Kirsimati ba ta taɓa tsallake gidan Malam ba, naman layya bai taɓa tsallake gidan Matta ba. Ranar da maciji ya sare shi a gona, Matta ne ya goya shi a keke har bakin titi, yana gumi yana yi masa faɗa kada ya kuskura ya mutu.

Duk da haka Malam ya ɗauke wuta. Ya saro ƙayar magarya ya jibge ta ɓangaren su Matta. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Matta ya tare shi a hanyar kasuwa ya ce, "Aƙilu, me na yi maka?" Ya ce, "Lafiya lau," ya wuce.

Ƙaya ta kai kafaɗa, kokwamba ba ta fasa ɓata ba. Ranar Alhamis biyu suka sake tafiya, manyan da ya fi sa wa rai. Nan haƙurinsa ya ƙare. Wajen mai unguwa zai je, ya ambaci gidan Matta gaban jama'a. Ya sani sarai, in kalmar sata ta fita bakinsa ba ta komawa, shi da Matta kuma sai dai a lahira. Amma ya ciro babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya kafa hula.

Sabuwa ta tare shi a bakin zaure da kwanon kwaɗo. "Ka ci tukuna, Malam. Ba za ka fita shari'a da yunwa ba."

Ya zauna don dole, ya naɗe hannun riga. Loma uku ya ɗan ji sanyi a ransa, amma bakinsa bai huce ba.

"Yau zan tona asirinsu. Da mai tsinka da mai ci, duk sai sun sha kunya gaban mutane!"

"Har da mai ci, Malam?"

"Shi ne ma babban! Wanda zai zauna ya cika cikinsa da gumin wani, ai ya fi ɓarawon lalacewa."

Sabuwa ta sa bakin zane ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ta durƙusa ta ɗan matso masa da kwanon ruwa.

"To cire rigar nan ka huta, ka bar bawan Allah Matta ya sarara. Mai tsinka dai ga ta durƙushe a gabanka. Mai ci kuwa, Malam, yau kwanansa ashirin yana siɗe kwano yana yabon ɗanyar gwanda."