Kwalbar Ruwan Teku

Sai da miya ta tafasa wata tsohuwa ta gane ruwan da ta juye a ciki na kwalbar ɗanta ne, mai aikin awon gishirin teku a Ikko, da ya zo hutu Tudun Wada. Kwalbar nan kuwa ita ce aikinsa. Ta cika ta da ruwan rijiya, ta dumbuza gishiri, ta yi gum.

Da ya koma ya auna, ya rubuta wa manya: "Teku ta ƙara gishiri, damina za ta ja baya."

Aka yi fari, aka ƙara masa girma.

Ranar da maƙwabciya ta shigo tana kukan dawarta ta bushe, tsohuwar ta rafka tagumi: "Wallahi Yaya, da na sani da ɗan kaɗan na zuba."